Shekarar da Harshena Ya Daina Jin Gishiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mace ce 'yar shekara 41, uwar 'ya'ya huɗu, kuma shekara uku ke nan ina zuwa wankin ƙoda. Na daɗe ina son rubuta wannan labari, ina farawa ina ajiyewa, saboda abin da ya fi ba ni wahala a ciwon nan abu ne da mutane ke ganin bai kai a yi kuka da shi ba.

A Zariya aka haife ni, a hannun kakata na tashi. Ita ce mai girkin unguwarmu. Biki, suna, walimar sauka, duk inda za a ɗora babbar tukunya sai an aiko mata. Tun ban kai tsawon murhu ba take kirana, ta ɗiga mini miya a tafin hannu ta ce, "Lasa ki gaya mini abin da ya rage." In na ce gishiri, ta girgiza kai ta ce in sake. Sai na gane daddawa ce ba ta nuna ba, ko kuma albasa ce aka yi wa rowa. Ban taɓa ganin ta auna komai da cokali ba. Da na girma na yi karatun koyarwa, aure ya kai ni Kano, na koyar a firamare na ɗan lokaci, amma a ƙarshe girkin biki ne ya zama sana'ata. Da shi na taimaka wa maigidana muka yi wa yara makaranta.

A cikina na huɗu jijjiga ta kama ni, aka yi mini tiyata aka ciro yaron. Bayan nan hawan jini ya zauna. Na sha magani kamar wata shida, da na ji ƙarfi sai na ajiye. In na wuni tsaye a kan tukwane, jiki ya yi tsami, sai in aika kemis a haɗo mini maganin ciwon jiki a leda, in watsa in kwanta. Shekaru na yi a haka. A farkon 2022 ƙafafuna suka fara kumbura, fuska ta biyo baya, ga amai da asuba, ga fitsari mai kumfa. Likita ya duba takardun gwaji ya ce ƙodojina sun yi rauni sosai. Ya ce in rage gishiri, in rage nama da kifi da wake, don a sassauta musu aiki. Na riƙe wannan magana da hannu bibbiyu. A watan Nuwamba na shekarar aka kai ni asibiti ina numfashi da ƙyar, aka sa mini roba a wuya, aka ɗora ni a inji.

Kuɗi kuwa, wanda ya shiga ya sani. An ce sau uku a mako ya kamata, awa huɗu kowane zama. Mu sau biyu muke iyawa, wani makon sau ɗaya. Sarƙata da 'yan kunne suka tafi, filin gadona ya bi su. Duk naira da ta shigo gidan, lissafin farko shi ne zama na gaba. Ko an sayo nama, sai in ture wa yara, ina jin cewa na riga na cinye musu abin da ya fi nama.

A bencin jira kowa malami ne. Wannan ta ce kar ki kusanci ayaba da lemo da dabino, za su tsayar miki da zuciya. Waccan ta ce madara da gyaɗa ne ke kawo ƙaiƙayi. Wani ya ce nama guba ne ga mai ƙoda, wata ta ce ƙwai ma haka. Akwai gaskiya a wasu, akwai wanda aka gaya wa mutum ɗaya saboda sakamakon jininsa shi kuma ya mayar da shi dokar kowa. Ni ban tace ba. Na tattara duka na haɗa da abin da likitan farko ya gaya mini, na bi. Abincina ya koma farar shinkafa da ɗan mai, tuwon semo da miya tsululu, sai kunu. Ina alfahari a raina cewa ni mai kiyaye doka ce.

Ban san ranar da ɗanɗanon ya fara tafiya ba, a hankali ya sulale. Da farko na ɗauka rashin gishiri ne ya sa komai ya zama lami. Daga baya ko shayi na sha, ruwan zafi kawai nake ji. Ranar da aka matsa mini na ɗauki tsokar nama, sai na ji kamar na tauna tsohon kwabo, ƙarfe-ƙarfe da ƙarni, na tofar. Daga nan ko ƙamshin suya ya shigo ta taga sai zuciyata ta tashi.

Wata tsohuwar mai ba ni aiki ta roƙe ni in yi mata miyar taushe ta suna, tukunya ɗaya kawai, don ta san muna cikin matsi. Na zauna a kujera ina ba yara umarni. Da miya ta haɗu na ɗiga a tafin hannu na lasa. Babu komai. Na ƙara gishiri da dunƙule, na sake lasa, shiru. Na ƙara. Sau uku. Da yamma baiwar Allah ta kira ni, muryarta a ƙasa, ta ce, "Maman yara, lafiya kuwa? Miyar ta yi zartsi, ba a iya ci ba." Ba ta nemi kuɗinta ba, wannan ya fi yi mini ciwo. A daren na shiga ɗakin girki ni kaɗai, na ɗebi gishiri tsura na sa a harshe. Na ji ɓarɓashinsa yana narkewa, amma ban ji gishiri ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce ƙodata ta mutu. Abin da kakata ta bar mini ke nan, shi ma ya tafi.

Wasu abubuwan suka biyo. Gashina ya riƙa cika mataji, mai kitso ta daina yi mini ƙanana. Gefen bakina ya tsattsage. Wurin robar wuyana ya yi ja yana ruwa, aka yi ta ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta. Daga kilo 74 na dawo 55. Surukata, don tausayi, ta ce wannan ramar ba ta asibiti ba ce, a haɗa da addu'a da rubutu. Addu'ar na karɓa da godiya, jiƙe-jiƙen kuma maigidana ya hana, Allah ya saka masa.

Duk tsawon watannin nan ban gaya wa likita ba. Kunya nake ji. Ga mutane ana ƙara musu jini, ga wanda aka shigo da shi bai san inda yake ba, ni kuma in ɗaga hannu in ce abinci ba ya yi mini daɗi? Idan aka tambaye ni ya cin abinci, sai in ce alhamdu lillahi. Akwai wani dattijo da injinsa ke kusa da nawa, Baba muke ce masa. Kullum matarsa na zuwa da kwano, kullum tana komawa da shi a rufe. Ya taɓa ce mini, "'Yata, ni fa yanzu tuwo da ƙasa duk ɗaya ne a bakina." Na ce ni ma haka, Baba. Muka yi shiru, babu wanda ya kai maganar gaba. Bayan ƙaramar salla na zo na tarar da wani a gadonsa. Har yau ina tuna kwanon nan.

Wata nas ce ta lura da ni. Tana rubuta nauyina ta tsaya ta juya shafukan baya, ta ce, "Hajiya, wannan ba ruwa ne kawai muke cirewa ba, jikinki ne ke zubewa. Me kika ci jiya?" Na ce kunu. "Shekaranjiya fa?" Na ce shinkafa cokali biyar. Ta ce ba zan tafi gida ba sai na ga jami'ar kula da abincin marasa lafiya.

Matar nan ta zaunar da ni fiye da awa guda. Da na lissafa mata abubuwan da na haramta wa kaina, ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, dokar da kike bi ta kafin a fara wanki ce." Ta bayyana mini cewa kafin inji ana rage furotin don a sauƙaƙa wa ƙoda, amma da an fara wanki magana ta juya, domin injin yana tafiya da wani ɓangare na abin da ke gina jiki tare da dattin. Mai wankin ƙoda yana buƙatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ni mai kilo 55, tsakanin giram 55 da 66 ke nan, alhali abin da nake ci bai kama ƙafar rabin haka ba. Ta nuna mini a takardar jinina inda albumin, wato wani furotin da ke cikin jini, ya faɗi ƙasa. Wataƙila an gaya mini wannan a makon farko, lokacin da nake kwance ban san dare ko rana ba. Abin da na sani shi ne na kusa shekara ina horar da kaina da yunwa, ina ganin biyayya nake yi.

Sannan na yi ta maza na gaya mata zancen gishirin. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta tambayi gashina, ta duba bakina, ta ce za ta yi wa likita magana a auna mini zink.

Sunan ba baƙo ba ne a wurina. Duk uwar da ɗanta ya yi gudawa ta san ƙwayar zink da ake haɗawa da ruwan gishiri da sukari, miligiram 20 a kullum na kwana goma ko sama da haka. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana da alaƙa da harshen babba ba. Likita ya ce shi ne ƙarfen da Hausawa ke kira tutiya, kuma duk jikin mutum giram 2 zuwa 3 kawai yake ɗauke da shi, amma ɗaruruwan ayyuka a jiki ba sa tafiya sai da shi: warkewar ciwo, garkuwar jiki, gashi da fata, da ƙananan ƙwayoyin da ke kan harshe masu jin ɗanɗano, waɗanda ke mutuwa suna sabuntuwa kusan duk bayan mako biyu. Jiki ba shi da rumbun da yake ajiye shi, sai an ci kullum. Mace babba tana buƙatar miligiram 8 a yini, namiji 11. Ya ce ƙarancinsa ruwan dare ne a tsakanin masu wankin ƙoda, domin abincin da ya fi ɗauke da shi, jan nama da ƙwai da wake da gyaɗa, su ne waɗanda ake tsoratar da mu a kansu, hanjin mai ciwon ƙoda kuma ba ya tsotsarsa yadda ya kamata, ga magungunan ƙarin jini da na ƙashi da muke sha suna gogayya da shi a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da'irar da ya zana a bayan kati: ba ka ci, zink ya yi ƙasa; in ya yi ƙasa, ɗanɗano ya tafi; in ɗanɗano ya tafi, ka ƙara ƙin ci.

Gwajin ba a yi shi a inda nake wanki, sai da muka je wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, da sassafe kafin in karya kumallo. Sakamako ya nuna 54, a gefen takardar kuma an rubuta cewa daidai yana farawa daga 70. Na yi murna kamar an ba ni kyauta, don abin da ke damuna ya sami suna. Likita ya ɗan ja mini birki. Ya ce yawancin zink da ke cikin jini albumin ne ke ɗauke da shi, in albumin ya faɗi ko jiki yana fama da wata cuta, lambar za ta sauka, don haka ba a karanta ta ita kaɗai sai an haɗa da alamomin da ke jikin mutum. Ya ce ɗanɗanon ƙarfen nan da nake ji a nama, taruwar datti a jini saboda ƙarancin wanki ma tana kawo shi. Ya ƙara da cewa ƙa'idojin abincin masu ciwon ƙoda da ƙwararru suka sabunta a Amurka a 2020 ba su goyi bayan a riƙa ba kowane mai wanki zink haka kawai ba. Ni ya rubuta mini ne saboda gwaji da alamomi sun haɗu, na wata uku, sannan a sake aunawa.

A nan na yi wani kuskure da nake so a ji. Mako biyu ina sha ban ji canji ba. Ƙwayar tana nan a kowane kemis, ba tsada. Sai na sa aka sayo mini ta yara na riƙa ƙarawa a kan wadda aka rubuta, da safe ciki babu komai. Kwana huɗu ina amai da murɗar ciki, ɗan abincin da na fara ci ma ya gagara. Da na faɗa wa likita gaskiya, ransa ya ɓaci. Ya ce ko mai lafiya ba a so ya wuce miligiram 40 a yini sai da kulawar likita. Idan zink ya yi yawa na tsawon lokaci yana hana hanji tsotsar sinadarin tagulla, rashin wannan kuma yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, ƙafafu su mutu. Ya ce, "Hajiya, ke da muke yi wa allurar ƙarin jini duk mako, kina so ki jawo wani ƙarancin da allurar ba za ta gyara ba?" Na tuna da ledar kemis da ta kawo ni inda nake. Na koma gida na ba 'yata sauran ta mayar. Daga nan na riƙa sha bayan na ɗan ci abinci, in bar tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini da na ƙashi.

Babban aikin a ɗakin girki aka yi shi. Jami'ar abincin ta tsara mini da abin da aljihunmu zai ɗauka. Tsokar naman sa ko na akuya kamar tafin hannuna tana ba ni kusan rabin zink ɗin da nake buƙata a yini. Farin ƙwai yana da furotin mai kyau kuma fosfaras ɗinsa, wato sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda, kaɗan ne, amma zink ɗin a gwaiduwa yake, don haka ta ce in haɗa fari biyu da cikakken ƙwai ɗaya. Hanta da kayan ciki ta ce in yi nesa da su saboda fosfaras, haka lemon kwalba mai baƙi. Maganin da ke kama fosfaras kuwa a tsakiyar cin abinci ake shansa, ni da nake haɗiya kafin barci. Ta gargaɗe ni da babbar murya a kan gishirin da ake tallatawa don masu hawan jini, domin wani sinadari mai suna fotasiyam aka sa a madadin wani ɓangare na gishirin, ga mai wankin ƙoda kuma wannan zai iya tsayar da zuciya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne zancen hatsi. Ta ce gero da dawa da masara da wake suna da zink, amma akwai wani sinadari a cikinsu mai suna fayitet da ke ɗaure shi ya hana jiki amfana. Jiƙawa, da barin hatsi ya yi tsiro, da barin ƙullu ya kwana ya yi tsami, suna karya shi. Na ce ai wannan gasarar koko ce, wannan ƙullun waina ne. Kakata ba ta taɓa jin sunan fayitet ba, amma ba ta taɓa soya waina da ƙullun da bai kwana ba. Babbar 'yata da ke jami'a ta karanto mana cewa a 1961 ne wani likita mai suna Ananda Prasad ya fara danganta ƙarancin zink da wasu samari a Iran da suka tsumbure ba su balaga ba, waɗanda abincinsu kusan duka gurasar alkama ce marar yisti, babu nama. Na yi ta tunanin watannin da na yi a kan farar shinkafa. Wake ma an dawo mini da shi kaɗan-kaɗan, bayan an duba fotasiyam ɗina: a jiƙa ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa a sake zubarwa.

Cin naman farko jihadi ne. Da zafi ba na iya jure ƙarninsa, sai a bari ya huce, a daka shi kamar dambu da citta da tafarnuwa da ɗigon lemun tsami. Ina toshe hanci ina haɗiya kamar magani, maigidana na zaune a gefe yana ƙirga mini loma, yana cewa, "Ɗaya ta rage, daure." A lokacin ne kuma ƙannena suka haɗa kai suka ɗauki nauyin zama ɗaya a mako, na daina tsallake wanki. Don haka abubuwa uku suka haɗu a kaina lokaci guda, ƙwayar, da abincin, da wankin da ya daidaita, kuma ba na yarda in ce wa kowa guda ɗaya ne ya yi aikin.

A mako na bakwai da fara shan ƙwayar, da safe, 'yata ta miƙo mini koko rabin kofi. Na kurɓa sai na ji wani abu a gefen harshena. Tsami. Na tsaya da kofin a hannu, na sake kurɓa, yana nan. Na ce mata, "Gasarar nan ta kwana biyu ce ko?" Ta dube ni ta ce, "Umma, kin ji?" Ta fita da gudu tana kiran babanta. Gishiri ya dawo bayan kwanaki, zaƙi daga baya, nama shi ne na ƙarshe da ya daina yi mini ƙarfe-ƙarfe. Da wata uku suka cika aka sake gwaji, lambar ta hau, likita ya ce in tsaya da ƙwayar in ci gaba da abinci. An yi mini haɗin jijiya a hannu aka cire robar wuya, wurin ya warke lafiya. Nauyina ya tsaya a kilo 61.

Ƙodata ba ta dawo ba. Har yanzu Litinin da Alhamis ina kan inji, har yanzu ina auna ruwan da zan sha a gora ɗaya, a zafin Kano. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, muna fata abin ya kai ga kowa, domin na san gidajen da ake zaɓa tsakanin kuɗin wanki da kuɗin cefane. Na koma karɓar ƙananan ayyukan girki. Da yake abincina kusan babu gishiri, yanzu ɗan kaɗan ma yana yi mini yawa, saboda haka in na gama haɗa miyar mutane ina lasa don daddawa da yaji, gishirin kuma 'yata nake ɗiga wa a tafin hannu.

Makon jiya aka kawo wata yarinya matashiya gadon da ke kusa da nawa, ba ta fi shekara 25 ba, da robar wuya sabuwa. Mahaifiyarta ta buɗe mata kwano, ta kawar da kai. Na ce mata, "Ƙanwata, me kika ci jiya?" Ta ce, "Anti, ba na jin daɗin komai, amma ba damuwa." Da nas ta zo duba injina na riƙe hannunta na ce ta saurari yarinyar nan. An ba su ranar Laraba su ga jami'ar abinci. Ku sa ta a addu'a, mu ma ku sa mu.